Likitan Kunne, Hanci da Maƙogwaro: Jama'a Na Isa Gare Shi a Makare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani fanni na aikin likita da na lura jama'armu ba su san shi sosai ba, alhali kuwa da wuya a sami gidan da bai taɓa buƙatarsa ba. Ina nufin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda a manyan asibitocin Nijeriya ake rubuta ENT a ƙofar sashensa, a Nijar kuma ORL. Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, na daɗe ina aiki a ƙaramin asibitin karkara, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin mutane suna yawo da ciwon da yake da magani, daga mai kemis zuwa wanzami, daga wanzami zuwa mai ganye, ba sa isa wurin wanda ya karanci ciwon sai bayan ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kowa ya san likitan ido da na haƙori, mata sun san likitan haihuwa, amma idan ka ce wa mutum ya je ya ga likitan kunne, sau da yawa sai ya tambaye ka ko dama kunne yana da likitansa na daban.

Dalilin da ya sa aka haɗa waɗannan gaɓoɓi uku a hannun likita ɗaya shi ne a haɗe Allah Ya halicce su. Akwai wata siririyar hanya da ta taso daga tsakiyar kunne, wato bayan dodon kunne, ta ɓulla ta bayan hanci, kuma aikinta shi ne daidaita iskar da ke ciki da ta waje. Ita ce ke sa kunne ya toshe idan mura ta kama mutum, ko idan mota ta fara hawa Hawan Kibo a hanyar Jos, har sai ya haɗiyi yawu ya ji ya buɗe. A jikin ƙaramin yaro wannan hanya gajera ce, kuma a kwance take, shi ya sa ƙwayoyin cutar da suka zo da mura ke saurin bin ta su shiga kunne. Daga bayan hanci kuma sai a gangara maƙogwaro, inda hanyar iska da hanyar abinci suka gitta juna, inda kuma akwatin murya yake. Wannan likita shi ke duba dukkan wannan yanki, har da ƙulluwar da ke fitowa a wuya, da maƙoƙo, da guraben da ke samar da yawu, da jijiyar da ke motsa fuska, domin ta cikin ƙashin kunne ta ratsa. Likitan tiyata ne, ba mai rubuta magani kaɗai ba. Kafin ya kai wannan matsayi a Nijeriya sai ya yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekarar sanin makamar aiki a asibiti, ya yi bautar ƙasa, sa'annan ya ƙara kimanin shekara 5 zuwa 6 yana koyon fannin a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Kuma ba shi kaɗai yake aiki ba, yana da masu auna ji, da masu koya wa yara magana, da nas-nas da aka horar musamman a wannan fanni.

Bari in fara da abin da ya fi damuna, wato kunnen yaro mai zubar da mugunya. Wannan ciwo ya zama ruwan dare har iyaye sun daina ɗaukarsa a matsayin ciwo. Uwa za ta kawo yaro saboda zazzaɓi ko gudawa, kana duba shi sai ka ga an cusa auduga a kunnensa ta yi baƙi, mugunya ta bushe a gefen kumatunsa, ƙudaje suna bin wurin. Idan ka tambaya sai ta ce ai wannan tun yana goye yake yi, yakan tsaya ya dawo, an ɗiga masa manja, an ɗiga ruwan albasa, an tatsa masa nono, wata maƙwabciya ma ta ba su turare. Abin da uwar ba ta sani ba, domin ba wanda ya taɓa gaya mata, shi ne mugunyar nan ba ta da hanyar fitowa sai ta hujin da ya samu a dodon kunne, kuma muddin hujin yana nan, duk ruwan wanka ko na rafi da ya shiga sai ya sake tayar da ciwon. A bayan dodon kunnen akwai wasu ƙasusuwa uku, waɗanda su ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, kuma su ke miƙa sauti zuwa kunnen ciki. Mugunyar da ta shekara tana kwance a kansu tana iya cinye su. Ƙashin da ya raba wannan wuri da ƙwaƙwalwa kuwa siriri ne ƙwarai, saboda haka ciwon yakan ratsa ya haifar da sanƙarau ko tarin mugunya a ƙwaƙwalwa. Duk yaron da kunnensa ke ruwa sa'annan bayan kunnen ya kumbura, ko fuskarsa ta karkace, ko ya kama ciwon kai mai tsanani da amai da jiri, to ranar nan ya kamata a kai shi babban asibiti, kada a jira gari ya waye.

Maganin wannan ciwo a farkonsa ba shi da tsada. Ana share mugunyar da kyau, a ba da maganin ɗigawa wanda ya dace, a hana ruwa shiga kunnen. Na ce wanda ya dace ne domin akwai magungunan ɗigawa da ake sayarwa a kemis waɗanda ba a so a daɗe ana zuba su a kunnen da dodonsa ya huje, don suna iya taɓa jin kansa. Idan kunnen ya bushe amma hujin ya ƙi rufewa, likitan kunne yana iya yin tiyata ya ɗauko ɗan siririn tantani daga tsokar da ke saman kunnen ya like wurin. Mutane da yawa ba su san ana yin wannan aiki a ƙasar nan ba.

Abin da ke biyo bayan sakaci da kunnen yaro, a makaranta ake ganinsa. Yaron da ba ya ji sosai ba ya sanin cewa ba ya ji, domin bai san yadda sauran yara ke ji ba. Yana zaune a bayan aji mai ɗalibai da yawa, malam ya juya yana rubutu a allo yana magana, shi kuwa rabin maganar kawai ke isa gare shi. Sai a ce daƙiƙi ne, a gida kuma a ce taurin kai ne da shi, ana kiransa yana yin biris. Daga nan sai duka, kuma abin takaici, sau da yawa mari ne a kan kunnen. Ina so iyaye da malaman boko da na allo su sani cewa mari ɗaya da tafin hannu yana iya fasa dodon kunne, saboda iskar da hannun ke dannawa ciki da ƙarfi. Na ga yara haka, na kuma ga matan aure da suka zo suna cewa kunne ya toshe ba dalili, sai da aka natsu da su suka faɗi abin da ya faru.

Ba mugunya kaɗai ke kawo kurumta ba. Mu da ke yankin da sanƙarau ke ɓarkewa lokacin zafi ba mu manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a arewacin Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ana ƙirga waɗanda suka rasu, amma ba a cika ƙirga waɗanda suka tashi ba sa ji ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 5 da suka tsira daga sanƙarau mai tsanani yana iya tashi da wata lalura mai ɗorewa, kuma rashin ji yana kan gaba. Don haka duk wanda aka sallama daga jinyar sanƙarau ya kamata a auna jinsa cikin makonnin farko, domin bayan wannan ciwo kunnen ciki yakan fara cikewa da ƙashi, kuma idan ya cike, dashen na'urar ji, wato tiyatar da ake sanya na'ura a cikin kunnen ciki, ma yakan yi wuya. Haka ƙyanda da hangum suke kurumtar da yara, kuma ƙyanda tana da allurar rigakafi kyauta a asibitocinmu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, yana barin kimanin kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka warke da matsalar ji. Shawarar da ke kama jariri a makon haihuwa, idan ta yi tsanani aka tsaya ana shanya shi a rana, ita ma tana lalata ji. Sai kuma wanda muke jawo wa kanmu: allurar jantamaisin da masu kemis ke yi wa yara barkatai saboda zazzaɓi ko ƙurji, ba awo ba lissafin nauyin jiki. Magani ne mai amfani a hannun wanda ya san shi, amma shi da danginsa, irin su sitireftomaisin, suna iya kashe ƙananan gasun da ke kunnen ciki, waɗanda su ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

Akwai gwajin da ake yi wa jariri yana barci, a sa masa ɗan abu a kunne na mintuna kaɗan, a gane ko yana ji. Ƙa'idar da ƙwararru suka yarda da ita ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. A wurinmu kuwa sai yaro ya kai shekara uku ko huɗu bai yi magana ba, ana cewa nauyin baki ne irin na gidansu, kawunsa ma haka ya yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke koyon harshe. Yaron da aka gano da wuri ana iya sa masa na'urar ƙara ji, wasu a yi musu dashe, wanda kuma ba a samu damar haka ba a fara koya masa da iyayensa maganar hannu tun yana ƙarami, a kai shi makaranta irin ta Tudun Maliki da ke Kano, maimakon a bar shi a gida ba harshen baki ba na hannu. Uwar da ta lura jaririnta ba ya firgita idan ƙofa ta bugu, ko ya kai wata shida ba ya waiwayowa idan an kira shi ta baya, kada dangi su kashe mata gwiwa.

Manya kuma ƙara ce ke cinye musu ji a hankali. Mai injin niƙa da na markaɗe, da mai yankan katako, da maƙeri, da mai shagon da janareto ke ruri a ƙofarsa tun safe har dare, da matashin da ke kwana da abin sauraro a kunne, duk suna cikin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙara mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ana iya jure mata awa 40 a mako, amma idan ta kai 90 awa 4 ne kawai, kuma ta yi gargaɗin cewa fiye da matasa biliyan 1 a duniya na iya rasa jinsu saboda yadda suke sauraren sauti. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma akwai ma'auni mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, to ƙarar wurin tana cutar da kunne. A bukukuwanmu ana ajiye manyan lasifikoki, mata su zauna a gabansu da jarirai a goye har a tashi. Wanda ya bar irin wannan wuri yana jin kunnensa na ƙugi ko shewa, gargaɗi ne kunnen ya yi masa. Abin toshe kunne na masu aikin inji ba shi da tsada, kuma da ƙungiyoyin masu sana'a za su wajabta shi a kan yaran shagonsu da sun yi babban taimako.

Game da dauɗar kunne, a taƙaice, ba ƙazanta ba ce, kariya ce, kuma kunne yana fitar da ita da kansa. Gashin kaza da tsinken ashana da mabuɗin mota da auduga mai tsinke suna tura ta ciki ne ta dunƙule, ko su ƙuje fatar, ko su huda dodon kunne idan wani ya bangaji hannun. Haka nan jirin da ke ɗebe mutum idan ya juya a kan gado, wanda akan danganta da hawan jini ko iska, sau da yawa daga kunnen ciki yake, kuma likita yana iya magance shi ta hanyar jujjuya kan majiyyaci bisa wani tsari, ba tare da allura ko ƙwaya ba. Tsofaffin da jinsu ya ragu su ma suna da haƙƙin a kai su a auna, a sama musu na'ura, maimakon a riƙa yi musu tsawa har su daina zama cikin mutane.

Ta ɓangaren hanci, abin da ya fi yawa a lokacin hunturu shi ne haɓo, saboda busasshiyar iska tana tsattsage fatar cikin hanci. Al'adarmu ita ce a ɗaga kan yaro sama ko a kwantar da shi rigingine, wanda hakan ke sa jinin ya gangara maƙogwaro ya haɗiye. Abin da ya dace shi ne ya zauna ya sunkuyar da kai gaba kaɗan, a matse tattausan ɓangaren hancin da yatsu biyu na minti 10 zuwa 15 ba sakewa, yana numfashi ta baki. Idan bai tsaya ba, ko yana yawan dawowa, ko kuma dattijo ne mai hawan jini, sai asibiti. Wannan likita shi ke duba masu atishawa da toshewar hanci da ba sa ƙarewa, da masu tsiro a cikin hanci, da waɗanda suka daina jin ƙanshi. Shi ke duba yaron da ke kwana baki buɗe yana minshari kamar babban mutum, numfashinsa yana ɗaukewa yana dawowa, wanda galibi wata tsoka ce ta bayan hanci ta yi girma, kuma cire ta yakan sauya barcinsa da girmansa da karatunsa. Idan kuma ƙaramin yaro yana fitar da majina mai wari ta ƙofar hanci ɗaya kawai, to kusan kullum wani abu ya cusa, ko soso ko takarda ko dutsen ado.

Wannan ya kawo ni ga abubuwan gaggawa. Yara suna cusa wake da masara a kunne da hanci, suna haɗiye tsabar kuɗi, manya kuma ƙayar kifi ko ƙashin nama ko haƙorin roba ke maƙale musu. Idan ƙwayar hatsi ce a kunne kada a zuba ruwa, domin kumbura za ta yi. Kuma kada a yi ta tono da tsinke ko ƙarfe, domin yawancin raunin da muke gani daga ƙoƙarin cirewa yake fitowa, har abin da za a ɗauke cikin minti ɗaya ya koma sai an sa yaro barci a ɗakin tiyata. Mafi haɗari shi ne ƙaramin batir mai faɗi irin na agogo da kayan wasa, wanda idan ya maƙale a hanyar abinci yana iya ƙona ta cikin awa 2, a hanci kuma ya huda bangon da ya raba ƙofofin biyu. Sai gyaɗa, wadda muke ba yaran da ba su gama haƙora ba. Yaro yana ci yana dariya ko kuka, sai ya shaƙe ta ta faɗa hanyar iska, ya yi tari mai tsanani ya lafa, iyaye su ɗauka ya wuce, bayan kwanaki a fara jinyar ciwon huhun da ba ya jin magani. Likitan nan yana da bututu mai fitila da yake zurawa ya ɗauko ta, amma sai iyaye sun faɗi cewa yaron ya taɓa ƙwarewa da abinci. Ina kuma roƙon mata masu sana'ar sabulu a gida su daina zuba ruwan soda a robar ruwan sha ko kwalbar lemo, domin yaron da ya kurɓe shi hanyar abincinsa takan ƙone ta tsuke, ya shekara yana fama da haɗiya. Idan hakan ta faru kada a sa shi amai, a garzaya da shi.

Yanzu ga maganar da na san ba kowa zai ji daɗinta ba, wato cire beli, wanda wasu ke kira hakin wuya. A gidaje da yawa har yau ana kiran wanzami ya yanke wa jariri shi a kwanakin farko, kafin suna ko ranar suna, bisa imanin cewa idan aka bar shi zai kumbura ya toshe maƙogwaro, ko ya hana shan nono, ko ya jawo amai da tari. Manya ma idan maƙogwaro ya dame su sukan je a cire. Ina girmama wanzamai, mutane ne masu daraja a cikin al'umma, kuma sun yi wa jama'a hidima tun kafin asibiti ya zo. Amma gaskiya ita ce beli halitta ce da kowane lafiyayyen mutum yake da ita, tana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, kuma ba ita ke kawo waɗannan cututtuka ba. Jariri ɗan kwana uku jininsa kaɗan ne, kuma bai gama ƙarfin daskarewa ba, don haka zubar da babba zai raina tana iya halaka shi. Na karɓi jaririn da aka kawo da yamma bayan an yi masa da safe, tafin hannunsa da leɓɓansa sun yi fari fat, ya kasa kama nono, yana ta haɗiyar jinin da ba a gani daga waje, kakarsa tana riƙe da shi tana cewa ai duk 'ya'yanta an yi musu ba abin da ya same su. Ban ga laifinta ba, abin da ta gada ke nan, kuma ƙauna ce ta sa ta yi. Ban da zubar jini akwai cutar sarƙewar haƙora, da ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin aska idan an yi wa mutum fiye da ɗaya da ita. A ganina tsangwama ba za ta kawo ƙarshen wannan al'ada ba. Abin da zai yi aiki shi ne hukumomin lafiya su zauna da Sarakunan Aska da masu unguwanni da ungozomomi da limamai, a nuna musu abin da likitoci ke gani, a kuma mayar da wanzamai masu tura majiyyata asibiti, tun da su jama'a ke fara nema.

Abin da ke ciwo a maƙogwaron yara galibi wasu tsokoki biyu ne da ke gefe da gefe, waɗanda likitoci ke kira tonsil. Yawancin kumburinsu yana wucewa da kansa, amma akwai nau'in da wata ƙwayar cuta ke kawowa wanda idan ba a sha cikakken magani ba yana iya komawa ya taɓa ƙofofin zuciya bayan wani lokaci. Likita ne ke tantance wanda ke buƙatar magani da wanda ya kai a cire masa su, kuma a ɗakin tiyata ake yi, inda ake da hanyar tsayar da jini.

Sai murya. Malaman makaranta da ladanai da masu wa'azi da mawaƙa da 'yan kamasho a tasha duk da muryarsu suke ci, kuma yawan tilasta mata yana sa tantanin murya ya yi kanta. Wannan yakan warke da hutu da shan ruwa da koyon yadda ake sarrafa murya. Amma dashewar muryar da ta wuce mako uku ba mura ba ce, musamman ga mai shan taba ko shisha ko barasa, kuma citta da zuma ba za su gaya wa mutum abin da ke ciki ba. Likita yana zura siririyar na'ura mai kyamara ta hanci ya kalli akwatin murya cikin mintuna kaɗan, mutum yana zaune a kujera. Ciwon dajin maƙogwaro idan aka kama shi da wuri ana iya warkar da shi murya ta tsira, amma mutanenmu sukan zo ne lokacin da numfashi ya fara gagara, sai an huda wuya an sa bututu kafin a yi maganar komai. Akwai kuma yaran da wasu ƙananan tsiro ke fitowa a akwatin muryarsu, muryar ta dashe, numfashi ya riƙa ƙara, a yi ta ba su maganin asma ba sauƙi. Haka ƙullutun da ya fito a wuyan babban mutum ba ya ciwo, ya wuce makonni yana girma, musamman idan ya haɗu da toshewar kunne ɗaya ko majina mai jini, yana iya zama ciwon dajin bayan hanci, yana kuma iya zama tarin fuka. Kada a tsaga shi, kada a yi masa ƙaho, a kai a duba.

Na san mai karatu zai ce duk wannan daidai ne, amma ina likitan yake? Tambaya ce mai nauyi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a kan ji a 2021 ya nuna fiye da mutum biliyan 1.5 a duniya suna da raunin ji, miliyan 430 daga cikinsu suna buƙatar taimako, kuma kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko likitan kunne 1 ga mutum miliyan 1. Rahoton ya kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya kauce masa. A arewacin Nijeriya muna da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, akwai kuma sassan wannan fanni a asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos. Sai dai duk a manyan birane suke. Manomin da zan rubuta wa takardar turawa sai ya lissafa kuɗin mota na mutum biyu, da wurin kwana, da layin da zai tarar, da gonar da zai bari, sau da yawa ya ninke takardar ya sa aljihu ya koma wurin mai kemis. Ba zan zarge shi ba.

Horar da ƙwararre ɗaya yana cin fiye da shekara goma, kuma wasu daga cikin waɗanda aka horar suna ficewa ƙasashen waje, don haka ba zai yiwu mu zauna jiran ranar da kowace ƙaramar hukuma za ta sami nata ba. Mafi yawan abin da na lissafa a farkon wasiƙar nan ma'aikacin matakin farko zai iya gane shi, ya yi maganin mai sauƙi, ya tura mai wuya a kan lokaci, in dai an koya masa kuma an ba shi kayan aiki. Amma ƙananan asibitoci da yawa ba su da ko fitilar duba kunne, sai ma'aikaci ya haska da fitilar wayarsa, wadda ba ta nuna dodon kunne. Ina kira ga gwamnatocin jihohi da hukumomin lafiya a matakin farko su sayi wannan fitila ga kowane asibiti, su tura ma'aikata Kaduna da asibitocin koyarwa su sami horon kula da kunne, su sa gwajin ji cikin abin da ake yi wa jariri a manyan asibitocin haihuwa da yaro lokacin shiga firamare, su kuma shirya yadda ƙwararru za su riƙa ziyartar manyan asibitocin ƙananan hukumomi ko da sau ɗaya a wata. Tsarin inshorar lafiya na jihohi ya kamata ya duba na'urar ƙara ji da batirinta, domin tsadarsu ce ke hana talaka amfani da su. Masu sa ido kan shagunan magani kuma su tsaya tsayin daka a kan allurar da ake yi wa yara ba da izinin likita ba.

Gare ka kuma, ya Edita, roƙona shi ne jaridarku ta gayyato ɗaya daga cikin waɗannan likitoci ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu da Hausa, musamman gab da shigowar hunturu da lokacin zafi da sanƙarau ke tashi, da kuma ranar 3 ga Maris, wadda ita ce Ranar Ji ta Duniya. Zai yi amfani ƙwarai idan wakilanku na jihohi suka bincika suka buga sunayen asibitocin da ke da wannan sashe da ranakun da ake ganin majiyyata a kowanne, domin mu da ke tura mutane daga karkara mu riƙa gaya musu ranar da za su je su sami likita.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarku,
Ma'aikacin lafiya a matakin farko,
Jihar Katsina.